Jariri Mai Yawan Shiru: Jawabi Kan Ciwon Tayirod Na Haihuwa Da Girman Ƙashin Yara

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin jin daɗin jama'a ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata, a Sabo, Ibadan)





Kowa a nan ya san mu, ya san mu ba likitoci ba ne. Goro muke saye muna sayarwa, karatunmu kuma na Islamiyya ne. Abin da ya tsayar da mu gabanku yau abu ne da ya faru a cikin gidanmu, ya sa muka yi shekaru muna zirga-zirga asibiti, muna tambaya ana ba mu amsa. Tun da an ce matambayi ba ya ɓata, muka ga bai kamata mu riƙe abin da muka koya mu kaɗai ba, alhali kuwa kullum ana haihuwa a unguwar nan.

Abin da ya faru a gidanmu

An haifa mana jika mace a nan Sabo, lafiya lau, da nauyinta da tsawonta kamar kowane jariri. Bayan suna aka tafi da uwar Arewa wankan jego, kamar yadda muka saba. Duk wanda ya dawo daga can sai ya ce mana, "Kai, Alhaji, kun yi dace, yarinyar nan akwai haƙuri, ba a jin kukanta, sai an tashe ta ma take shan nono." Mu kuma muna ta murna. Shawara ta kama ta, idonta ya yi ɗorawa har ya wuce wata guda, aka ce a riƙa shanya ta a hantsi. Kukanta ya zama da kauri kamar mai mura, aka ce beli ne, wanzami ya cire. Cibiyarta ta fito, aka ce gadon gida ne.

Da suka dawo, sa'o'inta suka zauna, ita ba ta zauna ba. Suka yi rarrafe, suka yi haƙori, ita shiru. Ta shekara guda cur babu haƙori ko ɗaya, maɗigarta kuwa a buɗe fayau, sai ka ce ta sabon haihuwa. Muka sayi maganin ƙarin jini a kemis kwalba bayan kwalba. Har aka fara raɗe-raɗi a layinmu cewa 'yar ruwa ce. Wannan kalma ta sa uwarta kuka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Tana da wata goma sha huɗu wata nas a wurin awo ta kwantar da ita, ta auna tsawonta, ta dubi fuskarta da harshenta, ta ce a kai ta wurin likitan yara yau ba gobe ba. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ɗaga hoton ya ce mana, "Shekarar yarinyar nan ɗaya da wata biyu, amma ƙashinta na jaririn 'yan watanni ne." Daga ranar muka fara jin sunan tayirod.

Mene ne tayirod?

To jama'a, kowa ya san maƙoƙo. Abin nan da ke kumbura a wuya ya zama maƙoƙo, shi ne tayirod. Wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, kowane ɗan'adam yana da ita. Aikinta shi ne ta riƙa zuba wani sinadari a cikin jini, ana kiransa tayiroksin, wanda ke sa jiki ya yi ɗumi, hanji ya motsa, ƙwaƙwalwar jariri ta ginu, ƙashi kuma ya girma. Da aidin take haɗa wannan sinadari, wato abin nan da ake sa wa gishiri.

Akan haifi yaro wannan tsoka ba ta aiki sosai, ko ba ta yi sam. A ƙasashen da ake gwada kowane jariri, ana samun ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000. Mafi yawansu tsokar ce ba ta ginu daidai ba tun a ciki: ko babu ita, ko ta yi ƙanƙanta, ko ta tsaya a gindin harshe ba ta sauko wuya ba. Wannan kashi ya fi samun 'ya'ya mata, kuma babu laifin uwa babu na uba. Kashi na biyu, tsokar tana nan amma ba ta iya haɗa sinadarin, shi kuwa gado ne, yana fitowa idan uwa da uba duka suna ɗauke da shi ba su sani ba, don haka ya fi yawa a auren zumunci. Kashi na uku shi ne wanda ƙarancin aidin a jikin uwa ke haddasawa.

Abin da ya ruɗe mu, kuma zai iya ruɗin kowa, shi ne jaririn yakan fito kamar lafiyayye. Dalili kuwa, yana ciki yana samun ɗan tayiroksin daga uwarsa ta mabiyiya. Da an yanke cibi wannan hanya ta toshe, sai alamomi su riƙa fitowa sannu a hankali: yawan barci, kasalar shan nono, shawarar da ta wuce sati biyu, taurin bayan gida, sanyin jiki, bushewar fata, kumburin fuska, babban harshe, kaurin murya, da fitowar cibiya. Kun ji dai, duk abin da muka gani ne muka ba shi wani suna.

Yadda ƙashi ke girma

Yanzu bari mu zo kan ƙashi, wanda shi ne jigon maganarmu. Babban mutum yana da ƙashi 206. Jariri ya fi haka yawa, domin da dama daga cikin nasa ba su haɗe ba tukuna, wasu kuma guringuntsi ne. Mahautanmu da ke nan sun san bambancin ƙashin ɗan maraƙi da na tsohon sa: na maraƙi bakinsa fari ne mai taushi, wuƙa tana yanka shi. To haka na yaro yake. A kusa da kowane baki na dogon ƙashi, kamar na cinya da na ƙwauri da na hannu, akwai wani faifai na guringuntsi. Nan ne tsawo yake fitowa. Guringuntsin yana ƙaruwa, na bayansa yana sandarewa ya koma ƙashi, a haka a haka har yaro ya gama balaga, faifan ya rufe. Da ya rufe, tsawo ya ƙare ke nan har abada.

Tayiroksin yana daga cikin manyan abubuwan da ke tafiyar da wannan aiki. In babu shi, guringuntsi ba ya juyewa ƙashi a kan lokaci, sai a ga abubuwa kamar haka.

Na farko, maɗiga. Jariri yana da maɗiga biyu. Ƙaramar ta ƙeya takan rufe cikin wata biyu zuwa uku, babbar ta gaba kuwa tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, wani lokaci ta kai kusan biyu. Mai wannan ciwo akan haife shi da maɗiga mai faɗi, har ta ƙeyar, kuma ta daɗe ba ta rufe ba.

Na biyu, haƙori. Yawancin yara suna fara haƙori wajen wata shida, wasu su ɗan jinkirta. Amma yaron da ya wuce shekara babu ko ɗaya, ga shi kuma ba ya tsawo, wannan abin dubawa ne.

Na uku, tsawo. Jariri yakan zo da kimanin santimita 50. In ya shekara ya kai wajen 75, in ya yi huɗu ya kai wajen 100, daga nan ya riƙa ƙara 5 zuwa 6 kowace shekara har ya fara balaga. Mai ciwon tayirod da ba a yi wa magani ba yakan tsaya baya ƙwarai, ƙafafunsa gajeru in an gwada da gangar jikinsa, siffarsa ta jarirai ba ta sauyawa. Kuma ga abin lura: yana iya yin ƙiba, a ɗora shi a sikeli a ga nauyi ba laifi. Shi ya sa awon nauyi kaɗai ba ya tona wannan ciwo, sai an haɗa da awon tsawo.

Na huɗu, kwatangwalo da baya. Kan ƙashin cinya, inda yake shiga kwatangwalo, maimakon ya sandare dunƙule guda, sai ya yi ɗigo-ɗigo a hoto, ba shi da ƙwari. Irin wannan yaro yana iya yin ɗingishi ko tafiya kamar agwagwa, ko ya riƙa kukan ciwon ƙugu ko gwiwa. Ƙashin bayansa ma yana iya ɗan tanƙwarewa daga ƙasa.

Likitoci suna da hanyar gane shekarun ƙashi. Ga sabon haihuwa sukan ɗauki hoton gwiwa, domin akwai wani ɗigon ƙashi a ƙarshen cinya da yake bayyana wajen sati 36 na ciki. In an haifi yaro cikakken wata tara ba a ga ɗigon ba, an san ciwon ya fara tun yana ciki kuma ya yi tsanani. Ga yaro babba kuwa hoton hannun hagu da wuyan hannu ake ɗauka.

A nan muna so mu raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Yaron da ƙafarsa ta yi baka ko ta yi gwame, wuyan hannunsa ya kumbura, galibi wani ciwo ne daban, wato laushin ƙashi saboda rashin kalsiyam ko bitamin D. Binciken da likitoci suka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa a yaran Nijeriya ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban dalilinsa. Maganin wancan ba ya warkar da wannan, na wannan ba ya warkar da wancan. Saboda haka gwaji ne ke rabawa, ba ido ba.

Magani, da lokacinsa

Ga albishir. Ciwon nan yana da magani mai sauƙi, wata 'yar ƙwaya ce mai suna lebotayiroksin, ana sha sau ɗaya a yini. Ba baƙon abu ba ne ga jiki, irin sinadarin da tsokar ta gaza yi ne ake mayar masa. Likita ne ke lissafa ta bisa nauyin jariri, a farko maikurogiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo. Ana murƙushe ta a cokali, a dama da ɗan ruwan nono ko ruwa mai tsabta, a ba shi duka.

Yaron da aka fara ba shi cikin sati biyu na farkon rayuwarsa, aka kuma ci gaba yadda ya kamata, yakan yi tsawo daidai da gidansu, ƙashinsa ya yi ƙwari kamar na kowa, ya yi karatu tare da sa'o'insa. Wanda aka makara, ƙashinsa yana iya kamowa da yawa, domin faifan girma bai rufe ba. Amma ƙwaƙwalwa ba ta jira. Mafi yawan gininta a shekaru uku na farko ne, abin da ya kuɓuce a lokacin da wuya ya dawo duka.

Mun ga wannan da idonmu. Jikarmu ta fara shan magani, cikin 'yan watanni haƙora suka fito, maɗiga ta rufe, ta miƙe ta yi tafiya, tela yana ta sake mata awo. Yau in ta tsaya cikin sa'o'inta ba za ka ware ta ba sai ka lura. Amma a makaranta tana shan wahala, abin da wani zai haddace a kwana biyu sai ta yi sati. Wata goma sha huɗun nan da muka ɓata muna yabon haƙurinta, har yau ita ke biyan bashinsu.

Da aka haifi ƙanenta, iyayen kuwa ɗan wa da 'yar ƙane ne, likita ya riga ya gargaɗe mu cewa in irin na gado ne, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Ranar da ya kwana uku aka ɗebi jininsa. Shi ma yana da shi. Kafin ya kwana goma ya fara shan ƙwaya. Ga shi nan yau yana tsere da yara a layi, ba wanda zai ce yana da wani abu. Ciki ɗaya, ciwo ɗaya, magani ɗaya. Lokaci ne kawai ya raba su.

Wannan gwaji ba sabo ba ne. Tun 1974 aka fara yi wa jarirai shi a Kubek ta ƙasar Kanada, da ɗigon jini daga diddige, kuma ƙasashe da yawa sun mai da shi dole. A wurinmu ba kowane asibiti ke yi wa jariri ba sai an nema. To mu nema. Sunansa TSH da T4. Ana yinsa bayan jariri ya kwana biyu, don haka mu sa a ranmu: kafin ragon suna, a yi gwaji. Mu da ke Ibadan muna da babban asibitin koyarwa na UCH kusa da mu, akwai likitocin yara a can.

Kada a rage, kada a ƙara

'Yan'uwa 'yan kasuwa, mun san mudu. In ka tauye ka cuci mai saye, in ka zarce ka cuci kanka. Maganin nan haka yake. In ya yi kaɗan, girma ya tsaya. In ya yi yawa, ƙashi ya yi gaggawar tsufa. Mahaɗan ƙoƙon kai suna iya rufewa tun ƙwaƙwalwa ba ta gama girma ba, faifan tsawo ya rufe da wuri, yaro ya yi saurin tashi da farko amma ya ƙare gajere, ƙashin kuma ya rage ƙwari.

Wannan ma ya kusa faruwa da mu. Wata tsohuwa a gidanmu, don ƙauna, ta ga magani yana aiki, ta ce a riƙa ba yarinya biyu don ta kamo sa'o'inta. Sai ga gumi, ga rashin barci, ga rigima, ga zawo, zuciya tana bugawa da sauri. Da muka koma asibiti likita ya yi mana faɗa sosai, kuma yana da gaskiya.

Shi ya sa ake maimaita gwajin jini: sati ɗaya zuwa biyu bayan an fara, sa'an nan duk wata ɗaya zuwa uku a shekarar farko, daga baya a riƙa tazara. Yaro yana girma, ma'aunin maganinsa yana sauyawa. In ya kai shekara uku likita yana iya dubawa ko irin mai wucewa ne. Mafi yawa dai sha ne na har abada, kuma ba mai tsayar da shi sai likita.

Akwai abubuwan da ke hana maganin shiga jini in an haɗa su lokaci guda: madarar waken suya da awara, maganin ƙarin jini, da ƙwayar kalsiyam. A bar sa'o'i huɗu tsakaninsu. A ajiye maganin inda babu zafi babu laima, ba a kan taga ba, ba a aljihun gaban mota ba.

Har ila yau, ƙashi yana son kayan gini. Mafi yawan ƙarfin da mutum zai rayu da shi, kafin ya shekara 20 yake tarawa. A ba yara nono da kindirmo, da ƙananan busassun kifi da ake ci har ƙaya, da miyar kuka da zogale. A bar su su fita hantsi su yi wasa, domin rana ce ke sa fata ta yi bitamin D, kuma mun san yadda ɗakunanmu na haya suke da duhu.

Abin da ya shafe mu a matsayin mazauna nan

Zamanmu na Kudu yana da nasa matsaloli a wannan magana. Na ɗaya shi ne tafiya. Mace ta haihu a nan ta tafi gida wanka, ko ta haihu can ta dawo bayan wata uku, babu asibitin da ya riƙe yaron. Haka nan a tafi Sallah ko biki da niyyar sati biyu a yi wata biyu, magani ya ƙare a ƙauye. Duk mai irin wannan yaro ya tafi da magani fiye da kwanakin da ya ƙiyasta, ya tafi da katin asibiti. Direbobinmu da ke hawa Arewa kullum, ku taimaka da kai saƙon magani, lada ce babba.

Na biyu, gishiri. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Amma aidin yana raguwa in an bar gishiri a buɗe cikin rana da laima. Masu sayar da gishiri a cikinmu, a riƙa rufe buhu, kuma kada a sayar wa mutane gishirin dabbobi don miya. Mai ciki da mai shayarwa sun fi kowa bukatar aidin, maikurogiram 250 a yini bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ga shi kuma a nan muna cin rogo da yawa, garin kwaki da sauransu. Rogon da ba a jiƙa ba, ba a sarrafa shi sosai ba, yana da wani abu da ke hana tayirod ɗaukar aidin. Sai dai a gane, gishiri rigakafi ne na kashi na uku kawai. Ba ya maye gurbin ƙwaya ga yaron da aka haifa babu tsokar. Mace mai maƙoƙo kuma, ko mai shan maganin tayirod, ta faɗa wa likita tun ranar da ta fara awon ciki.

Na uku, baki. Mu daina kiran yaro ɗan ruwa ko wada tun ba a kai shi asibiti ba. Kalmar nan tana sa uwa ta ɓoye ɗanta a ɗaki don kunya, lokacin magani yana wucewa.

Shawarwarinmu ga ƙungiya

Muna roƙon shugabanni su duba abu uku. A samu tef irin na tela a manna a bangon ofishin ƙungiya da na makarantunmu, a riƙa auna tsawon yara sau biyu a shekara ana rubutawa, wanda aka ga ya tsaya a sanar da iyayensa cikin sirri. A tara ungozomominmu da wanzamai, a gayyato ma'aikaciyar lafiya ta koya musu alamomin da muka lissafa, domin su ne ke fara ganin jariri. Sa'an nan a ware wani abu daga asusun taimako don biyan kuɗin gwaji ga wanda ba shi da hali.

Iyayenmu mata, ku ne da goyo. In kun je awo ku ce a auna tsawo, kada a tsaya a sikeli. In kun ga jariri ya cika shiru, ga shawara ta ƙi tafiya, ga maɗiga mai faɗi, kada ku jira arba'in. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa mun ga abin da jinkiri ya jawo a gidanmu, ba ma fatan wani ya gani a nasa.

Duk mai tambaya ya same mu a rumfa bayan taro, za mu nuna masa hanyar da muka bi. Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure a yafe mana. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.